Birekar Bolt Dubu

Nasrullahi ya ajiye ƙonanniyar birekar, na'urar datse wutar lantarki, a kan kantar shagon. Shago na tara ke nan da ya shiga tun safe a kasuwar kayan wuta.

"Irin wannan nake nema, ta sola, mai ɗaukar bolt dubu."

Leonard, mai shagon, ya miƙo wata sabuwa fil a kwali. "Oga, ga shi. Duk abu ɗaya ne."

Nasrullahi ya auna nauyinta a tafin hannu, ya sa farce ya kankare gefen takardar da aka manna mata. Tsohon rubutu ya bayyana a ƙasa. Ta wutar gida ce aka sauya wa suna.

"Ba ɗaya ba ne. Wutar NEPA kaiwa da komowa take yi, tana da sauƙin yankewa. Ta sola kuwa a miƙe take, in ka datse ta da wannan, tartsatsin ba ya mutuwa sai ya cinye roba. Irinta ce ta ƙone jiya."

Leonard ya ɗaga kafaɗa. "Orijinal sai Legas. Kwana biyar, in mota bai lalace ba."

Kwana biyar! A wani ƙaramin asibitin haihuwa da ke bayan Karshi aka kira shi gyara, kuma wutar NEPA ba ta kai can ba. Kafin ya fita daga layin shagunan, wayarsa ta yi ƙara. Hannah ce, nas ɗin asibitin.

"Malam Nasrullahi, batir ya sauko kashi talatin. Ga allurai a firji, ga bakwaini a kwalba. Ka samu?"

"Ina kan nema, Sista."

Ya tsaya a inuwar wata rumfa yana bin sunayen da ke wayarsa. Godfrey, abokin aikinsa na shekara goma sha ɗaya, shi ne ya san lungun da ake samun kowane irin kaya, amma bara ya tattara ya koma garinsu. Ya kira, a kashe. Ya zo kan sunan matarsa Kubra, wadda wata takwas ke nan tana Katsina wajen jinyar mahaifiyarta. Ya daɗe yana kallon sunan. Me zai ce mata? Ya mayar da wayar aljihu, ya tari mota zuwa gidansa a Jiwa.

Gidan yana nan yadda ya bar shi: kofi ɗaya a tire, tabarma a naɗe, talabijin tana ta surutu ita kaɗai. Da gangan yake barinta a kunne, don in ya buɗe ƙofa ya tarar da muryar mutum. A bangon zaure akwatin solarsa yake, a ciki kuma birekar da ya yi wata biyu yana jira kafin ta iso, ta gaske, wadda ta fi ƙarfin ƙaramin gidansa nesa ba kusa ba.

Ya kashe inbata, na'urar da ke ba gidan wutar sola. Mai karanta labarai ya yanke a tsakiyar magana, fanka ta yi juyi uku ta tsaya. Ya kwance birekar, ya naɗe bakin wayoyin da tef, ya ja ƙofa.

Da la'asar ya isa Karshi, rana da sauranta. Minti ashirin ya yi yana ɗauri. Da ya ɗaga birekar, inbata ta yi ɗan gurnani, lambar batir ta tsaya a goma sha tara, can ta koma ashirin.

Hannah ta dafe ƙirji. "Mun gode wa Allah! A ina ka samo?"

"A wani wuri."

"To ka yi sauri, kar ka rasa mota. Iyali suna jira."

Ya dubi akwatin. Aiki ya kammala, babu abin da ya rage. Ta tagar ɗakin masu jego ana jin mata suna gardama kan sunan da za a raɗa wa wata jaririya, wata tsohuwa tana ta dariya har da tari.

"Sai na ɗan sa mata ido tukuna," ya ce. "Sabon ɗauri ne."

Ya jawo benci ya zauna a gindin tagar, ya ajiye jakar kayan aiki a tsakanin ƙafafunsa.