Tabarmar Robar Sashen Mata

Alhaji Lawal ne ya karya ƙafar Awawu. Bai ture ta ba, ba ma ya wurin lokacin da ta faɗi, amma shi ne. Haka Dela, ƙanwar Awawu, ta faɗa tun a cikin motar asibiti, kuma har yau ba ta sauya magana ba.

Masallacinsu na unguwar Barking a Landan ƙarami ne, tsohon shago ne jama'a suka haɗu suka gyara, Alhaji Lawal kuwa shi ne shugaban kwamiti. A da, wurin alwalar mata siminti ne, an shimfiɗa masa wata baƙar tabarmar roba mai huje-huje. Dela da hannunta ta yanke gefenta da wuƙar kicin don ta zagaye bututun ruwa, yankan ma ya karkace. Ba ta da kyan gani ko kaɗan, amma tana riƙe ƙafa. Sai Alhaji ya je hutu Abuja, ya ga farin tayil a gidan wani abokinsa, irin wanda mutum ke hango fuskarsa a ciki. Yana dawowa ya sa aka liƙa shi sashen maza da na mata, aka naɗe tabarma, wai ba a ɗora tsumma a kan abu mai kyau.

Ranar farko da Dela ta taka shi da jiƙaƙƙiyar ƙafa sai da ta dafa bango. Ta aika masa ta bakin matarsa, Hajiya Zinatu, cewa wannan abu zai kashe wata. Amsar da ta dawo ita ce mata su riƙa tafiya a hankali.

Awawu kuwa ai ba ta da sauri ko a da. Ta idar da alwala wata Juma'a, ta miƙe, ƙafa ta tafi ta bar ta. Ƙashin cinya ne ya karye.

Da Dela ta je duba ta, ta tarar an miƙar da ƙafar a kan gado, an naɗe ta, an ɗaura igiya ta bi ta kan wata 'yar ƙaramar taya, can ƙasa wani dunƙulen ƙarfe yana reto. Sanusi, ɗan Awawu, wanda ke aikin rediyo, yana zaune a gefe.

"Wannan kuma fa? Awon buhu ake yi da ita?"

"Traction suke ce masa, Inna," in ji Sanusi. "Nauyin ne ke jan ƙafar don ƙashin ya tsaya daidai. An yi cancel ɗin aikin tiyatar sai sukarinta ya sauka."

"A garinmu mai ɗori ƙarti biyu yake sawa su ja."

"Wannan ya fi ƙartin haƙuri," Awawu ta ce, tana murmushi. "Ba ya gajiya, ba ya neman goro. Zauna, Dela, kin tsaya mini a ka kamar 'yar sanda."

Dela ta zauna, ta buɗe kular kunun da ta zo da ita. A kan 'yar durowa ta ga kwandon lemo da inabi, har da ribon. Sanusi ya ce Alhaji Lawal ne ya aiko, ya ce a yi haƙuri, ƙaddara ce.

"Ya zo da ƙafarsa?"

"Ya aiko dai, Inna. Don Allah a bar maganar. In ta kai council, hukumar unguwa, rufe masallacin za su yi."

"Wa ya ce maka council nake nema? Council ce ta naɗe tabarma?"

Awawu ta sha kunu kaɗan, ta juya kai wajen taga. Sai da Sanusi ya fita amsa waya sannan ta yi magana ƙasa-ƙasa. Likita ya ce za ta taka, in Allah ya so, da sanda. Amma durƙusawa, bai yi mata alkawari ba.

"Tun ina yarinya goshina ke taɓa ƙasa, Dela. Yanzu wai salla a kujera."

Ba ta yi kuka ba, Dela ma haka. Dela ta gyara mata filo kawai, ta zauna tana kallon ƙarfen nan yana reto har lokacin ziyara ya ƙare.

Juma'ar da ta zagayo ana yayyafi. Dela ta sauka daga bas da wuri, ta bi ta gefen masallaci inda ƙofar wurin alwalar maza take. An bar ta a buɗe. Ba leƙe ta yi niyya ba, idonta ne ya faɗa ciki. Ga baƙar tabarma shimfiɗe a kan farin tayil. Ga karkataccen yankan nan nata a gefe, inda babu ma bututun da zai zagaye.

Wani dattijo yana wanke ƙafa a kanta hankali kwance.

"Malam, yaushe wannan ta zo nan?"

"Ai ta daɗe, Hajiya. Tun satin da aka sa tayil. Liman ne ya kusa zamewa, Alhaji ya ce maza a ɗauko ta daga sito."

Dela ta ce masa ta gode. Ta je sashen mata, ta yi sallarta da alwalar da ta yi tun daga gida, kamar yadda duk tsofaffin suka koma yi. Da aka sallame ba ta tsaya gaisawa ba. Ta zagaya ƙofar maza, ta tsaya inda ake neman takalma, lemarta a hannu.

Alhaji Lawal ya fito cikin babbar riga da kot a sama.

"A'a, Hajiya Dela. Ya mai jiki? Lemo ya iso?"

"Ya iso, Alhaji. Ai ba a baki ta karye ba."

Wasu suka yi dariya, suka haɗiye ta da sauri.

"Haƙuri za a yi, Hajiya. Abin da Allah ya rubuta..."

"Na yarda da abin da Allah ya rubuta tun kafin a haife ka. Ita ma ta yarda, tana can an rataya mata ƙarfe a ƙafa ba ta ce uffan ba. Tambaya ɗaya gare ni. Waccan tabarmar ta wa ce?"

Ta nuna ƙofar wurin alwalar maza da lema. Duk aka juya.

"Ta masallaci ce mana."

"Ta mata ce. Ga yankan wuƙata nan. Da liman ya zame ba ka ce ya riƙa tafiya a hankali ba. Ba ka ce ƙaddara ba. Tabarma ka sa aka ɗauko. Ashe ka san tayil ɗin na da santsi."

Alhaji ya gyara hula, ya ce kwamiti zai zauna, za a yi order ɗin sabuwa, har biyu ma.

"Ku zauna, ku saya. Wannan dai yau za ta koma inda aka ɗauke ta, akwai tsofaffi a ciki da za su yi la'asar."

Dattijon nan da wani suka sunkuya suka fara naɗe ta, ba wanda ya sa su. Ruwa na ɗiga a takalman mutane, ba wanda ya matsa. Alhaji ya duba agogo, ya ce yana da uzuri a Aldwych, can tsakiyar gari.

Dela ba ta ɗaga murya ba, kuma ba ta kauce daga bakin ƙofa ba.

"Aldwych ba za ta gudu ba, Alhaji. Ana shiga ziyarar asibiti har la'asar sakaliya, bas ɗin ma ga tasharsa can. Ba lemo take so ba. Ka zo ka tsaya a gaban gadon Yaya Awawu, ka dubi ƙafar nan, ka gaya mata da bakinka: da ka san wurin na kayar da mutum, don me ka kare ƙafar maza ka bar tata?"