Kawu a Ɗakin Gwaji

Wata bakwai ina bin furotin guda ɗaya. Aikinsa a ƙwayoyin halittar ƙoda shi ne ya hau kan zaren gadon halitta, wato DNA, ya naɗe shi tam, har ƙwayar ta kasa karanta umarnin da ke rubuce a wurin. Ranar Laraba na shirya cire shi, in ga ko umarnin zai buɗe. Faranti goma sha biyu na ƙwayoyin da na raina, kowanne da mintin da za a ɗiga masa maganin cire furotin ɗin.

Ina kan na huɗu mai gadi ya leƙo. "Dakta, kin yi baƙo. Ya ce a hannunsa kika girma."

Kafin in buɗe baki, Kawu, yayan mahaifiyata, ya shigo da leda cike da takardun asibiti, ya dire ta kusa da farantaina.

"Kawu, don Allah ɗauke! Nan ko numfashi ba a so."

"To, likitar ƙoda, duba min. Bayana ke ciwo."

Sau nawa zan faɗa? Ni ba likitar mutane ba ce. Na sake yi masa bayani, hannuna ɗaya riƙe da bututun ɗiga: ina binciken yadda ƙwaya ke rufe wani umarni ne, ta hana shi aiki.

"Madalla," in ji shi. "Sai ki rufe na ciwon."

Agogo ya yi ƙara. Na juya na ɗiga, sai na ga a faranti na shida na zuba, na biyar yana nan a bushe. Na tsaya ina kallonsu. Gwajin ya lalace: dole sai na sake rainon sababbin ƙwayoyi, sati uku cur.

Na cire safar hannu, na jawo ledar don kada in faɗi abin da zan yi nadamarsa. A takarda ta uku na ga awon jininsa. Ko ni da ba likita ba, lambar ta tsorata ni.

"Kawu, maganin hawan jininka fa?"

"Na daina. Ai na ji sauƙi."

"Tun yaushe?"

"Tun bara."

Na zuba farantan a kwandon shara, na ɗauki makullin mota. Har muka isa asibiti yana mitar na cika faɗa, wai karatu ya ɓata ni. Likita ta kwantar da shi ranar. Ya kwana huɗu, kuma duk nas ɗin da ta shigo sai ya gaya mata ni na ƙi duba shi.