Ranar Da Gidan Bulo Ya Tafi Asibiti

Ni dai in faɗa muku gaskiya tun farko, ba don Titus na hau motar nan ba. Wata biyu muna gaba da shi, ko gaisuwa ba ta haɗa mu. Na hau ne don Alhaji Inuwa ya ce a hau, kuma a gidan bulon nan ban ga wanda ya isa Alhaji ya ce a hau shi ya tsaya a ƙasa yana zare ido ba.

Shekarar da aka ba mu jihar Bauci ce. Kuɗin mai ya shigo, kowa a Gombe ya tashi sai ya rushe ginin ƙasa ya yi na siminti, har wanda rufin ɗakinsa bai taɓa yoyo ba. Gidan bulon Alhaji yana Bolari, bayan tashar mota, mu goma sha huɗu ne a ƙarƙashinsa. Ni Dalhatu ni ne babban mai buga bulo, kuma duk Gombe ba wanda bulonsa ya kai nawa tsayuwa, wannan ba cika baki ba ne. Titus kuwa direba ne, Batangale daga Kaltungo, shi ke kai wa masu gini bulo a babbar mota.

Abin da ya haɗa mu, wata rana ya yi baya da mota ya bi ta kan ɗanyen bulona, aikin safiya guda cur. Ya leƙo ta taga ya ce, "Yi haƙuri mana, ai ƙasa ce." Ƙasa ce, ku ji fa. Ni da na sha rana ina jera su. Tun daga nan na ɗauke masa wuta, in ya biyo ta gabas ni sai in bi ta yamma.

To ranar wata Talata Titus bai zo ba, mutumin da ko zazzaɓi ba ya hana shi riga kowa zuwa. Ga ɗan kwangilar da ke gina azuzuwan firamare a unguwar Malam Inna ya zo tun da sassafe yana ta safa da marwa, wai maginansa suna zaune ba bulo. Mun gama lodi, mota na tsaye ba direba. Alhaji sai huci yake yi, yana duba agogo yana gyara hula.

Sai da hantsi ya ɗaga Titus ya shigo, a ƙafa, ba hula, rigarsa a bai-bai. Ya durƙusa gaban Alhaji ya miƙa makullin mota.

"Maigida, a ba wani ya tuƙa. Yau ba zan iya ba."

Alhaji ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya dubi fuskarsa ya fasa. "Lafiya? Me ya faru?"

Da ƙyar aka ciro maganar daga bakinsa. Matarsa Margaret ta haihu da asuba, 'ya mace, amma jini ya ƙi tsayawa sai da ta kusa ƙarewa. A asibiti an ce sai an ƙara mata kwalba biyu, kuma irin jininta ba kowa ke da shi ba. An gwada nasa bai yi ba. Yanzu tasha za shi, ya shiga motar Kaltungo ya ɗebo danginta a gwada.

"Kaltungo," in ji Alhaji. "Ka jira mota ta cika, ka je, ka bi su gona-gona, ka dawo. Su a asibitin nawa suka ce za ta iya jira?"

"Sun ce kar ya wuce azahar."

"To mu da muke nan duwatsu ne? Me ya hana ka faɗa tun da safe?"

Titus ya sunkuyar da kai. "Ban ga fuskar roƙon wannan ba, Maigida. Jini ne."

Alhaji ya juyo ya ce a sauke lodin nan kaf, kowa ya wanke hannu ya hau. Ɗan kwangila ya yi tsalle ya dire, wai shi fa aikin gwamnati yake yi. Alhaji ya ce masa, "Malam, bulo ba ya mutuwa. Gobe za ka same shi inda ka bar shi, ni da kaina zan kai maka." Ya tattare babbar riga ya shige gaban mota, don kafin ya yi arziki shi ma direban motar auduga ne. Ya sa Titus a gefensa, mu kuma muka cika baya.

A hanya ne Baba Iro maigadi ya fara aikin nasa. Tsohon nan bai taɓa ganin abu ya rasa labarin tsoro a kansa ba. Wai shi ya san wani a Kumo da aka ɗebi jininsa, tun daga ranar bai sake moruwa a gida ba, matarsa har ta kai ƙara. Wai kuma jinin da aka ɗiba ba ya dawowa, haka mutum zai yi ta yawo rabi-rabi. Kafin mu kai asibiti motar ta yi tsit. Ni kaina na tsorata, ba zan ɓoye ba.

Wata nas ce ta tarbe mu, Sista Jumma, 'yar gajeruwa, fuska ba wasa. Ta dube mu, ƙarti goma sha huɗu duk farin siminti har gira, ta ce da farko za a ɗan tsaga yatsa ne a ga wanda nasa ya dace. "Wa zai fara?"

Mutanen da ke ɗaga buhun siminti da hannu ɗaya, kowa ya duƙufa yana nazarin yatsun ƙafarsa.

Alhaji ya yi gyaran murya. "Ku saurara. Na kawo ku ne, ban saye ku ba. Wanda ba ya so ya koma mota ya zauna, aikinsa na nan, ladansa na yau na nan, kuma ba zan taɓa yi masa gori ba. Amma matar ɗan'uwanku ce a ciki."

Har yanzu ba wanda ya motsa. Sai Baba Iro ya matso yana murza hula. "Alhaji, ni tambaya ce da ni. Jinin Musulmi a jikin wadda ba Musulma ba, ya halatta kuwa?"

"Baba Iro, jinin nan kai ka haɗa shi? Wanda ya zuba maka shi Shi ya zuba mata nata. Ceton rai ne, in da laifi na ɗauka."

Sista Jumma ta ce, "Madalla. To Alhaji, tunda kai ne babba, bismilla."

Wayyo. Duk gidan bulo ba wanda bai san Alhaji Inuwa da tsoron allura ba. Ko ta zuwa Makka sai da mutum biyu suka riƙe shi, ƙaninsa ne ya ba mu labari. Ya dube mu, ya dubi Titus, sannan ya naɗe hannun riga ya zauna a kan benci, ya miƙa yatsa ya kau da kai yana salati a hankali. Sista ta ɗan tsikara. Ɗigo ɗaya tak ya fito, ko ƙwayar gero ya fi shi. Alhaji ya yi kuskuren waiwayowa ya gani. Sai kawai muka ga mutum yana sulalewa daga kan benci kamar buhun da aka kwance wa baki, hula ta yi gefe.

Aka yayyafa masa ruwa. Da ya buɗe ido, abin da ya fara cewa shi ne, "An samu kwalba biyun?"

Sista ta ce, "Alhaji, yatsa kawai na taɓa. Kuma naka ma bai dace ba."

Mu dai ba mu san lokacin da dariya ta ƙwace mana ba. Har Titus sai da ya murmusa da jajayen idanunsa. Kuma dariyar nan ita ta kashe tsoron, don in maigida da kansa ya yarda ya zube a gaban yaransa, kai wane ne da za ka noƙe? Kafin Alhaji ya gama neman hularsa mun yi layi, Baba Iro ma har da ture mutane wai shi ne babba.

Mutum biyu ne namu ya dace. Sule mai ɗebo ruwa, wani siriri da ba ka ce yana da jinin da zai ba sauro ba, sai kuma ni.

Sule ya bi Sista ciki ba musu. Ni kuwa na tsaya, maganar mutumin Kumo tana ta yi mini yawo a ka. Na ɗaga ido sai na ga Titus. Da ya ji an kira sunana bai ko dube ni ba. Ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa suka zube, irin na wanda ya riga ya san amsa. Wato shi a ransa ya gama yanke cewa zan ƙi. Wallahi wannan ya fi taka bulon ƙona mini rai.

Na taka na same shi. "Kai Titus, wane irin mutum ka ɗauke ni? Saboda bulo zan bar matarka ta mutu?"

Ya buɗe baki zai yi magana.

"Rufe mini baki," na ce, ko da yake bai ce komai ba. "Sista, ina gadon yake? In biyu ba su isa ba ki ɗebi uku."

Cika baki ne kawai. Da na ga allurar, kaurinta ya kusa na tsinken tsire, sai da na karanto duk addu'ar da Inna ta koya mini. Amma ban suma ba, a rubuta wannan. Na kwanta ina kallon kwalba tana cika a hankali, ina mamakin wai duk wannan a jikina yake. Sule a gadon kusa har gyangyaɗi yake yi.

Da muka fito Alhaji ya riga ya aika an sayo tsiren hanta da shayi mai madara, ya ce ni da Sule kwana uku kar ya gan mu a wurin aiki. Sauran ma da ba a ɗebi komai a jikinsu ba suka sa hannu, Baba Iro na cewa ai tsagar yatsa ma rauni ce. Muka baje a gindin wata bishiyar maina. Ba wanda ya ce a tafi, Alhaji ma bai ko dubi agogonsa ba. Amma cin naman bai yi armashi ba, kowa idonsa na kan ƙofa.

Ana kiran azahar Sista Jumma ta fito. Ta tsaya ta dube mu, sai na ga haƙoranta karon farko.

"Ta buɗe ido. Tana tambayar 'yarta."

Titus ya zauna daɓas a ƙasa ya rufe fuska yana kuka kamar yaro. Wasu na hamdala, wasu na bubbuga bayan Sule har ya kusa kifewa. Ni kuwa daɗi ya cika ni har na rasa inda zan sa kaina, sai na ɓuge da yi wa Titus faɗa wai ya tashi yana ba mu kunya.

Kafin mu hau mota Alhaji ya ce wa Sista, "Daga yau duk wanda ya rasa mai ba shi jini, ko waye shi, a aiko gidan bulo. Wanda ya yarda cikin yarana zan kawo shi da motata, a cikin lokacin aikina."

"Mun gode, Alhaji. Amma kai ka riƙa jira a waje."

Haka kuwa aka yi. Ana aikowa, mu ajiye cebur mu tafi, wani lokacin ko sunan mai jinyar ba mu sani ba. Da makanikan Bolari suka ga ba wanda matarsa ta kai ƙara, su ma suka shigo, sai masu gidan burodi.

Bayan an yi arba'in, ranar wata Lahadi da la'asar, ina zaune a tsakar gidanmu a Bagadaza sai na ji sallama. Titus ne da Margaret, da jaririya a goye. Ban taɓa ganinta a tsaye ba sai ranar, doguwa ce, ta ɗan rame amma idonta garau. Ta wuce ni ta je ta durƙusa gaban mahaifiyata, Inna Delu, ta gaishe ta da Hausarta mai ɗan karkacewa.

"Inna, na kawo miki jikarki ki gani."

Ta kwance goyon, sannan ta juyo wajena.

"Yayana ɗaya ne a duniya. Ya tafi yaƙi bai dawo ba. Tun ina da ciki nake kuka, ina cewa abin da zan haifa ba shi da kawu." Ta ɗora mini yarinyar a hannu. "Yaya, ga ta."

Yarinyar ba ta da nauyin komai, ta kama yatsana mai kaushin siminti ta riƙe gam. Na ji idona yana zafi, ga Titus tsaye yana kallona, sai na ɗaga murya na ce wa matata, "Kande, tashi mana ki sa tukunya, ba ki ga mun yi baƙi ba?"

Inna ta harare ni. "Waɗanne baƙi? Ƙanwarka ce ta zo gida. Shiga da ita ɗakina ta kwanta, ta sha hanya."