Zani Biyar a Kan Igiya

Hajara ta ƙirga zannuwan da ke kan igiya sau biyu, don kada ido ya yaudare ta. Biyar ne cif, tun hantsi bai dubi ludayi ba. Ta yi hamdala, ta koma ta ƙara wa tukunyar magani itace.

Zannuwan na Rahama ne, 'yarta ta fari, wadda ta zo goyon ciki gida Gwandu daga gidan mijinta a Kalgo. Shekara huɗu da aure, ɓari ɗaya, sai wannan cikin da ya shiga wata takwas, wanda kowa ke lallaɓawa kamar ƙwai a cokali. Tun ranar da ta iso Hajara ta ɗora ta a kan maganin zaƙi. Duk unguwar an san mai ciki in ta sha kayan zaƙi, zaƙin taruwa yake ya tare wa ɗa hanya, sai an sha ɗaci an wanke shi kafin naƙuda. Rahama kuwa ba a raba ta da rake. Saboda haka da ruwa ya fara zubo mata kwana uku da suka wuce, Hajara ba ta ga komai ba sai aikin hannunta.

Ba wai an gaya mata ba ne. Tsakanin uwa da 'yar fari akwai kunya, kuma Hajara ta riƙe tata da kyau. Shekara ashirin da uku ba ta taɓa kama sunan yarinyar ba, sai dai "ke" ko "waccan". Labarin cikin ma a bakin maƙwabta ta ji. Igiyar shanya ce ke ba ta rahoto.

Rahama ta fito daga ɗaki tana dafa bango.

"Inna, abin ga bai tsayawa."

Hajara ta ba tukunya amsa. "Zaƙi na. Bari shi hita."

"Jikina da zahi. Kuma tun jiya ban ji motsi sosai ba."

"An rage mishi kaya, shina hutawa."

Da maganar ta ƙare a nan, ba don wayar Zayyanu, mijin Rahama, ta shigo ba. Yau ranar awo ce, katinta kuma yana asibitin Kalgo, ya ce don Allah a kawo ta. Hajara ba ta musu da suruki, don ko magana ba sa yi. Ta yafa mayafi, ta cika galan da magani, saboda ba za a karya wa yarinya ƙa'idar sha don ma'aikatan asibiti ba. A ranta kuma tana so su gani da idonsu. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

A mota Rahama ta ninke zani ɗaya ta zauna a kai. Direba ya yi ta faɗa wa ramuka kamar an aike shi wurinsu. Kafin su isa, zanin ya jiƙe, Hajara ta lura ta gefen ido, ta ƙara da shi a ƙirge.

Ungozomar asibitin, Malama Safiya, 'yar siririya ce mai tabarau, Hajara ta kusa haifarta. Ta ji akwai zubar ruwa, sai ta ɗauki biro.

"Wane iri? Fari mai kauri? Da ƙaiƙayi ko wari?"

Rahama ta sunkuyar da kai. Ba a faɗin irin wannan a gaban uwa. Hajara ta gyara zama, don an zo wurin da take jira.

"Ba kauri, ɗiyata. Garau shike kamar ruwan rijiya. Kwana ukku ke nan. Yau kaɗai zane shidda, da na mota. Ni da kaina nika dahwa maganin."

Ta ɗan turo galan gaba da ƙafa.

Malama Safiya ta ajiye biro. Ta taɓa goshin Rahama, ta ce ta hau gado, ta ja labule. Ba ta daɗe ba ta leƙo.

"Mama, shigo. Farin ruwa kaɗan, kusan kowace mai ciki na ganinshi, ba komai ba ne. Mai ƙaiƙayi ko wari, muna da maganinshi. Wanga ba ɗaya daga ciki. Faya ce ta fashe. Ruwan da yaro ke kwance ciki ne ke tsiyaya kwana ukku, ga zazzaɓi ya shiga."

"Zaƙi dai," in ji Hajara, amma muryar ba ta fito da ƙarfin da ta aike ta ba.

"Haihuwa nawa kinka yi, Mama?"

"Tara."

"Nawa ke raye?"

Hajara ta ƙirga a ranta. Biyar ne. Biyu daga cikin huɗun da suka koma, da irin wannan ruwan suka zo, kuma a lokacin uwarta ta yaba maganin ƙwarai. Sai yanzu, a tsaye gefen gadon ƙarfe, abin ya haɗu a kanta. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba ko a tata naƙudar.

Malama Safiya ta shafa wani mai a kan cikin Rahama, ta ɗora 'yar na'urar jin bugun zuciya. Sai shuuu kawai, kamar rediyon da ya rasa tasha. Ta matsa dama, ta matsa hagu. Rahama ta fara kuka, jikinta na kakkarwa, na'urar na zamewa.

"Mama, lallashe ta ta kwanta shiru. Ba na jin komai haka."

"Ke," in ji Hajara. "Ke, yi shiru."

Kukan ya ƙaru.

Hajara ta dubi labule, ta dubi ungozoma, ta ga babu wanda ya san ta a nan. Ta kama hannun 'yarta, ta ji shi zau.

"Rahama," ta ce. "Rahama, kwanta. Ga ni nan."

Rahama ta yi tsit, ko numfashi ba ta ja ba. A cikin wannan shirun na'urar ta kamo abin da take nema, ƙaramin bugu mai sauri, kamar ana dakan sakwara a gida na uku.

"Shina nan," in ji Malama Safiya. "Amma yau za a fiddo shi, ba gobe ba. A kira mijinta, a kira likita."

Aka kawo gado mai taya. Hajara ta bi shi har ƙofar da ba a barin kowa ya wuce, galan ɗinta na can ƙarƙashin benci, ba ta waiwaye shi ba. A bakin ƙofar Rahama ta juyo da kai, idanunta jajur da zazzaɓi, ta dubi uwarta sosai.

"Inna," ta ce, "ashe kin san sunana."