Mayafin da Ba a Kaɗa Ba

Da asuba yayanta ya bugo waya ya ce, "In kina son ki tarar da Inna da rai, ki taho yau." Shi ya sa matar Hedimasta ta shiga jirgin ƙasan nan da sai ya wuni ya kwana kafin ya kai garinsu, hankalinta duk yana bakin gadon uwarta. Mijin kuwa, tsohon shugaban makaranta da har yau ake kira Hedimasta, kai ka ce yawon shan iska aka kawo shi.

Mutumin nan yana da wani hali, Allah ya raba mu da irinsa. Ba ƙaramar tashar ƙauye da jirgi zai tsaya bai sauka ba. Ya shafa bencin katako, ya leƙa ɗakin jira, ya sha ruwan famfo, ya tsaya gaban furannin da aka shuka cikin tsofaffin gwangwanaye yana jinjina kai. Kuma ba ya dawowa sai jirgi ya fara motsi.

Abin da fasinjoji ba su sani ba, kunnen Hedimasta ya yi nauyi, girman kai ne ya hana shi faɗa. Ba ya jin usur ɗin tashi. Tagar matarsa yake kallo da wutsiyar ido. Da ta zuro hannu tana kaɗa mayafi, ya san lokaci ya yi. Sai ya taho a guje, ya cafki ƙarfen ƙofa, ya shigo yana haki yana dariya.

"Kun ga uwar 'yan tsoro?" in ji shi, yana kwaikwayon yadda take kaɗa hannu. Wani tela da ke zaune gabansu ya yi dariya har da riƙe ciki, wata mai jego ta rufe baki tana ƙyalƙyalawa.

"Malam, don girman Allah ka zauna," matar ta ce, bakinta dab da kunnensa. "Inna ce fa a kwance."

"Tsohuwar nan tun bara take mutuwa ba ta gama ba," ya ce da ƙarfi, yadda duk taragon zai ji. "Za ta jira mu."

Zuciyarta ta yi baƙi ƙirin. A lokacin nan ta tsane shi, tsana ta gaske.

Da rana ta karkata jirgi ya tsaya a wata 'yar tasha mai farin fenti da inuwar manyan itatuwa. Hedimasta ya sauka, ya yi nisa har wajen rijiya. Aka busa usur. Matar ta ninke mayafinta, ta ɗora a cinya, ta danne da hannu biyu. Ta ga ya waiwayo, bai ga komai a taga ba, ya ci gaba da leƙen rijiyarsa. Ko da ya farga, taragu sun fara gudu. Ya zabura, takalmi ɗaya ya fice, hula ta faɗi, ya tsaya a ƙarshen dandamali baki buɗe yana ƙanƙancewa. Wallahi daɗi ta ji, kamar mai ƙishi ya samu ruwan randa.

Fasinjojin taragon suka zuba mata ido. Ba a jima ba sai ga mai duba tikiti.

Sai a nan ta tuna. Tikitinsu duka biyu, da jakar kuɗinta, har wayarta, suna aljihun Hedimasta, don kullum cewa yake mace ba ta iya riƙon kaya.

"Ranka ya daɗe, mijina ne da su, jirgi ya bar shi. Ga shaidu nan, sun ga ya nuna da safe."

Tela ya tsuke fuska. "Ni ban ga tikiti ba. Abin da na gani, mace tana kallon mijinta, ko yatsa ba ta ɗaga ba."

"Ƙanwata, ke fa?" matar ta ce. Mai jego ta juya kai tana gyara wa jaririnta hula.

Ta yi roƙo, ta yi kuka, ta kira sunan uwarta. Mai duba tikiti ya ce shi doka ya sani. A tasha ta gaba aka sauke ta da ƙunshin zannuwan da ta wanke wa Inna.

Tashar kuwa kyakkyawa ce, an share ta fes, tantabaru suna kiwo tsakanin layin dogo. Ta bi taragon ƙarshe da ido har ya ɓace. Ta tambayi shugaban tashar yaushe wani jirgin zai zo. Ya ce sai jibi, mota kuma ba ta shigowa da damina.

Tana zaune kan benci aka buga waya a ofis. Can shugaban tashar ya leƙo yana murmushi.

"Baiwar Allah, wani dattijo ne daga tashar baya, an gaya masa an sauke ki. Ya ce kada ki damu, shi lafiya lau yake, wurin ya yi masa. Wai a tambaye ki, taki tashar ta kai tasa kyau?"