Takalmi a Zauren Suruki

Ƙafar Tabawa ta dama ta daina jin magana tun ranar da aka yi mata allurar zazzaɓi a ɗuwawu. In ta ɗaga ta, sai yatsun su rataya ƙasa kamar na kazar da aka yanka, su tsinci kowane dutse a hanya. Ƙasar ƙauyensu Allakaye kuwa in akwai abin da Allah ya wadata ta da shi, to dutse ne. Ranar da ta faɗi a hanyar rijiya da ɗanta Hafizu a bayanta, goshin yaron ya fashe, uwar mijinta ba ta yi faɗa ba. Majanyin kawai ta kwance.

"Ki bar goyo sai ƙahwag ga ta miƙe," in ji tsohuwar. "In shina son nono, a kawo miki shi."

Tun daga nan Tabawa take kallon ɗanta a bayan wasu. Abin ya ci mata rai har ta rame.

A asibitin mishan aka haɗa ta da Yoshuwa, wani dogon mutum mai gwada yadda za a tallafi irin wannan ƙafa. Roba yake gasawa ya lanƙwasa, ta rungumi dunduniya da sharaɓa, ta hana yatsu faɗuwa. Wadda ya fara yi mata, duwatsu suka tsaga ta. Ta biyu ta ci mata fata a zafin bazara. Mutumin akwai naci. Da ya lura ba mai sa rufaffen takalmi a ƙauye, sai ya dasa ta uku a kan takalmin taya, ya buga ƙusoshi, ya jera maɗaurai har ƙwauri.

"Wanga ba shi hita da sauƙi," ya ce, yana jin daɗin aikinsa. "Kada ki taka ƙasa ba shi, ƙanwata. Kin jiya?"

Bawan Allah ya tuna da dutse, ya tuna da zafi. Suruki ne bai zo masa a rai ba.

Ƙofar gidansu ɗaya ce, zauren da Baba Manzo, mahaifin mijinta, yake wuni da abokan hirarsa. Tun da aka kawo Tabawa gidan ba ta taɓa ratsa shi da takalmi a ƙafa ba. Cirewa take yi, ta riƙe a hannu, ta rusuna ta wuce.

Ta yi kwanaki tana kai da komowa a tsakar gida ba tuntuɓe, tsohuwar tana kallo ta gefen ido. Wata safiya mai sanyi sai tsohuwar ta miƙo mata majanyi.

"Tahi rijiya mu gani."

Da ɗumin yaron ya sauka a bayanta, saura kaɗan ta yi kuka don daɗi. Sai da ta iso bakin zaure ta ja ta tsaya. In za ta kwance maɗauran nan, sai ta zauna ta miƙe ƙafa a gaban surukinta, sannan ta ja matacciyar ƙafa ta tsallake dokin ƙofa da yaro a baya. Hafizu ya kwantar da kai a kafaɗarta.

Ta cire takalmin hagu, ta riƙe a hannu, ta rusuna, ta shiga. Na dama yana ƙwas, ƙwas a kan daɓe. Hira ta tsaya cak. Wani baƙo ya dubi ƙafarta, ya dubi mai gida. Baba Manzo bai ɗago ba, bai kuma amsa gaisuwarta ba.

Da ta dawo, zauren ba kowa, har buzun da Baba Manzo yake zama a kai an ɗauke.

"Baba ya ce zauren ya cika zahi," in ji mijinta Mahdi, da ta kai masa tuwo.

"Zahi, cikin sanyin ga? Hushi ya yi?"

"Ban sani ba. Mi zan ce mishi in na tambaya?"

Ba wanda ya sake karɓar goyon daga hannunta. Kowace safiya takan fito da Hafizu a baya, ta ratsa zauren ba kowa da takalminta a ƙafa, ta bi hanyar rijiya lafiya lau. Daga nesa takan hango tsohon a gindin bangon masallaci, shi kaɗai, ya ƙudundune cikin bargo, ya ba ƙofar gidansa baya.