Jan Salatif a Yatsan Baba

Da na shiga shagon Baba da kular abincinsa, abin da idona ya fara sauka a kai shi ne babban yatsansa na hagu. A naɗe yake da jan salatif, zagaye biyu.

Wanda bai san Baba ba, cewa zai yi yankewa ya yi. Ni da na tashi cikin ƙaurin dalma da ƙonanniyar waya na san ba haka ba ne. Shekara arba'in yana gyaran kayan wuta, kuma yana da wata doka da bai taɓa karyawa ba. Duk abin da ke yin zafi, dutsen guga ne, hita ce, tanda ce, akwai 'yar na'ura a jikinsa mai katse wuta idan zafi ya kai iyaka. Baba yana kiranta mai gadi. In yana son ya gane ko mai gadin ne ya lalace, sai ya ɗora guntun waya ya tsallake shi, wuta ta wuce kai tsaye. Wannan ita yake kira gada. Kafin ya ɗora gada sai ya naɗa jan salatif a yatsansa, kuma ba ya cire shi sai ya cire gadar. Ke nan muddin salatif na yatsansa, akwai wani abu a wani wuri da ke ta ɗaukar zafi ba mai tsayar da shi.

"Baba, wane aiki ne wannan?" Na nuna yatsan.

Ya ɗaga hannun ya kalla kamar na wani ne aka ara masa. "Wannan? Ai yanzu zan ƙarasa shi."

"Wanne ne?"

Ya juya ya dubi teburin aikinsa. Fanka biyu a kwance, wata rediyo da hanjinta a waje, tukunyar dafa ruwa ba murfi. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina taɓawa. Duk a sanyaye suke, ba wanda aka jona.

"Auta, kin fiye gajen haƙuri. Ajiye abincin, zai faɗo mini."

Wata takwas ke nan ina jin wannan kalmar, zai faɗo mini. Makulli a cikin firij, shayi biyu a jere don ya manta ya sha na farko, sunan maƙwabcinmu na shekara goma da ya ɓace masa a tsakiyar gaisuwa. Duk ni nake bi ina sharewa. Yayana da ke aiki a wani gari yana bugo waya duk mako, ni kuma in ce masa Baba garau yake, har ya fi mu ƙarfi. Na san da ya ji gaskiya zai ce a rufe shago, kuma na san yadda Baba yake zama in ba shago. Na gan shi haka wata uku bayan rasuwar Mama, zaune a falo yana kallon bango, ba na son in sake gani.

"Na tuna," in ji shi, yana miƙewa. "Dutsen mai guga ne."

Shagon mai wanki da guga yana tsallaken titi. Na riga Baba ƙetarawa, ina hangowa a raina tulin kayan mutane da wuta a cikinsu. Na tarar da mutumin yana goge wata farar riga hankalinsa kwance, dutsen yana yin ƙas yana ɗaukewa yadda ya kamata.

"Ranki ya daɗe, lafiya kike haki haka?"

"Baba ya taɓa dutsenka yau?"

"Yau? Ai tun makon jiya ya gyara mini shi, lafiya lau yake. Yau ma a makare na ga ya buɗe shago, wajen tara." Ya dubi Baba da ya iso bayana, ya rage murya. "Malam, ko dai wani wurin ne?"

Baba ya tsaya a bakin titi yana murza salatif ɗin da ɗaya hannun, motoci suna wucewa. Sai na tuna ɗaya ɗabi'ar tasa: duk murfi da ƙusar da ya kwance, aljihun gaban rigarsa yake jefawa. Ban nemi izini ba na zura hannu. Ƙananan ƙusoshi huɗu suka fito, da wani farin murfin roba mai lambobi a jiki. A kan lamba talatin da biyu akwai ɗigon jan farce. Ni na ɗiga shi da hannuna, don kada kowa ya murza ya wuce nan. Murfin mai gadin akwatin Gaggawa ne.

Gaggawa kunkurun Mama ne. Ta tsince shi yana ɗan mitsitsi tun kafin a haife ni, ta sa masa wannan sunan don tsokana, tana cewa duk gidan shi kaɗai ne ba ya sa ta magana. Da muka koma gidan bene, hawa na uku, inda rana ba ta leƙo mu sai da yamma, likitar dabbobi ta ce sai an sa masa fitilar ɗumi, in ba haka ba ba zai ci ba, ba zai narkar ba. Baba ya ƙera masa akwatin katako mai gilashi a gaba, ya rataya fitila, ya haɗa mai gadi. Da sanyi ya shigo bana ya ƙara masa murfi a sama don ɗumi ya zauna. Tun da Mama ta rasu, da Gaggawa Baba yake hira da safe. Yana yayyanka masa latas yana ba shi labarin wanda ya kawo gyara da wanda bai zo ya karɓa ba.

Ga nawa laifin kuma, ba zan ɓoye ba. Kwana biyar da suka wuce mai gadin ya fara gardama, fitila ta ƙi kamawa. Na je na sayo sabo. Da na dawo na ga Baba zaune shiru, sai wata dabara ta zo mini, na bar sabon a jakata na ce, "Baba, wannan ai sai kai." Na so ya ji har yanzu ana bukatar hannunsa. Ya gyara, fitila ta kama, ya yini yana fara'a, ni kuma na yaba wa kaina wayo. Garin neman gira ke nan. Sabon yana nan a jakar da ke rataye a kafaɗata, ko ledarsa ban yage ba.

Na dubi agogo. Ɗaya saura kwata.

Ban san yadda muka tari tasi ba. A cikin mota Baba yana cewa, "Da safe na ga fitilar a mace, yana ta ƙudundune. Na ce bari in gwada. Sai aka buga ƙofa, ko waya ce aka bugo..." Ya hau laluben sauran maganar. Ban taya shi nema ba. Haushinsa nake ji, haushin kaina ya fi, kuma ba na son in buɗe baki ɗaya ya fito a madadin ɗaya.

Tun daga matattakala ta ƙarshe na ji warin katako mai zafi. Na buɗe ƙofa na ruga lungun falo. Fitilar tana ci jawur. Gilashin ya yi zafin da ba na iya dafa shi, kwanon ruwan ya bushe ƙarƙaf, latas ɗin safe ya zama kamar takarda. Gaggawa yana can kusurwa mafi nisa da fitilar, a kife a bayansa. Ya tone duk ƙasar wurin har katako, ya karce bango da farcensa yana neman hanyar fita, har ya birkice. Wuyansa a miƙe, bakinsa a buɗe da kumfa.

Na fizge waya daga soket na ɗauko shi. Ƙoƙon bayansa kamar an sauke tukunya daga wuta. Baba ya nufi firij ya ɗauko gorar ruwa mai ƙanƙara.

"Tsaya, Baba!" Na riga na danna lambar likitar, wayar tana maƙale a kafaɗata.

"Kada ku kuskura ku sa masa ruwan sanyi," in ji ta, da na gama zuba mata bayani. "Zai iya kashe shi nan take. Ruwan famfo wanda ba sanyi ba zafi, kaɗan, kada ya kai masa hanci. Ki jiƙa tawul ki ɗora shi a kai ku taho yanzu. Yana motsi?"

Na taɓa ƙafarsa ta baya. Ya ja ta kaɗan, kamar mai jin kunya.

"Yana yi."

"To ku taho."

Baba ne ya riƙe shi a cinya cikin robar wanke-wanke har asibitin. Ruwa yana ɗiga a wandonsa bai kula ba. Yana shafa ƙoƙon da yatsan nan mai salatif yana cewa, "Yi haƙuri, dattijo. Yi haƙuri."

Likitar mace ce mai ƙaramin jiki da ba ta iya kwana-kwana ba. Ta auna shi, ta yi masa allurar ruwa a gindin ƙafa, ta haska idonsa. Ta tambayi awa nawa. Na ce kusan huɗu. Ta ce kunkuru ba ya gumi, ba ya kuka, ba shi da yadda zai yi da zafi sai dai ya matsa zuwa inuwa, kuma akwati mai murfi ba shi da inuwa. Ta ce sanyi yana ba su kwanaki, zafi kuwa ba ya ba su ko yini.

"Wa ya haɗa fitilar?" ta tambaya, tana rubutu.

"Na'urar ce ta lalace," na yi sauri na ce.

"Ni ne," in ji Baba. "Na'urar ta lalace, amma ni na tsallake ta."

Likitar ta ɗago ta dube shi, ta dube ni, ta ci gaba da rubutunta. Ta ce mu jira a waje.

Mun zauna a benci tsakanin wata mata mai kyanwa a kwando da wani mutum da karensa ke tari. Na tuna ban faɗa wa kowa a wurin aikina inda na tafi ba, na tuna kular abinci tana can a buɗaɗɗen shago, ban damu da ko ɗaya ba. Wajen ƙarfe huɗu likitar ta fito ba safar hannu. Labarin zuciya a tambayi fuska. Ta ce ta yi iya yinta, amma cikinsa ya riga ya dahu. Ta miƙo mana shi a naɗe cikin tawul ɗinmu.

Shekara talatin da huɗu yana gidanmu. Ya girme ni. Na yi kuka a gaban mutane ban ji kunya ba, kuma ban san rabon Gaggawa nawa ne a cikin kukan ba, na Mama nawa ne.

Da muka koma gida Baba ya ajiye tawul ɗin a kan kujerar Mama, ya durƙusa gaban akwatin. Ya zaro sukundireba daga aljihun wando. Na tsaya ina kallon hannuwansa. Ba su yi rawa ba, ba su yi laluben komai ba. Ya kwance guntun wayar, ya mayar da kowace waya gurbinta, ya miƙo mini hannu na zuba masa ƙusoshin nan huɗu da murfin, ya ɗaure tsaf. Aiki mai kyau, irin wanda aka san shi da shi. Ya ɗora gadar a tafin hannunsa, ko tsawon ɗan yatsa ba ta kai ba.

Na matso na kama hannunsa na hagu zan warware salatif ɗin. Ya janye.

"Bar shi."

"Baba, ai ka cire gadar."

"Na cire ta wannan." Ya zauna a ƙasa ya jingina da bango. "Auta, da a tandar mai burodi ce fa? Da a hitar gidan masu jarirai ce? Yau dattijo ne ya biya, don ba shi da bakin kira. Kina tsammani ban san kina bina kina kwashe abin da na zubar ba? Na sani. Na bar ki ne don ni ma tsoro nake ji."

Na buɗe jakata na ciro sabon mai gadin a ledarsa na ajiye a gabansa. Na faɗa masa ranar da na saya da dalilin da ya sa na ɓoye. Ya ɗauka ya juya shi ya karanta bayansa.

"Mai kyau ne," in ji shi. "Da kin sa."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya laluba aljihunsa ya ciro makullan shago, guda uku a zoben waya da ya murɗa da kansa, ya sa mini a hannu.

"Ki je ki rufe. Kayan mutane kuma gobe ki kira su su zo su ɗauka, lambobinsu na manne a jiki. Amma ki fara kiran yayanki. Ki faɗa masa duka, tun daga makullin firij. Ki ce ya zo ya kai ni wurin likita." Ya dubi yatsansa. "Wannan zai zauna har sai kin kira, kada in wayi gari in ce muku lafiyata ƙalau."

Na ɗauko wayar. Yaya ya ɗauka a bugu na biyu, da muryarsa ta kullum.

"Auta, ya gida? Ya jikin Baba, garau dai ko?"

Na dubi Baba. Ya ɗaga mini yatsan kaɗan.

"Yaya," na ce, "samu wuri ka zauna."